Taɓin Auduga a Maruta

Litinin, 2 ga Mayu 1977, bayan la'asar, Birnin Kudu

An fara zagayen duba lafiyar 'yan makaranta. Ni da Malam Hambali ne, Ɗanbala ke tuƙa mu a Landiroba. Malam Hambali yana duba maza a cikin aji, ni kuma ina duba mata a bayan zana. Yau Sundimina muka yi. Tun da gwamnati ta ce boko kyauta ne, ajujuwa sun cika maƙil, wasu a ƙasa, wasu a kan bulo. Farce, haƙori, ido, kai, tabon lamba a dantse, sannan a juya baya a duba fata. Makero da ƙazuwa kam sai ka ce gado aka raba musu. Shuɗin magani ya ƙare kafin azahar, hannuna har yanzu kamar na fito daga marina.

Abin da aka fi ja mana kunne a kai shi ne farin tabo. In kin gan shi, ki sa yarinya ta rufe ido, ki murɗa auduga ki taɓa wurin. In ta ce ta ji, ƙyasbi ne, a ba ta man shafawa ta tafi. In ba ta ji ba, farkon kuturta ne, sai a haɗa ta da Malam Barau mai raba ƙwaya a Gwaram. In an kama da wuri, yatsu sun tsira.

Malam Hambali bai rufe baki ba tun tafiya har dawowa. Mutumin kirki ne, amma cikinsa rariya, abin da ya ji da safe kafin azahar ya isa tasha.

Alhamis Maruta.

Talata, 3 ga Mayu, da magariba

Yalwan Damai. Aiki lafiya. Na dafa shinkafa ta yi mini yawa, kullum haka. Har yau hannuna bai koyi awon mutum ɗaya ba.

Laraba, 4 ga Mayu, da azahar

Na ce wa Sista, shugabarmu a asibiti, a canza ni gobe, kaina na ciwo. Ta ce, "Haba Hapsatu, wace mace gare ni ban da ke? Ko Ɗanbala zan ɗaura wa ɗankwali?" Na yi dariyar dole.

Kaina lafiyarsa lau. Yarinyar ce a Maruta.

'Yar fari ce. Babanta Iliyasu ya rasu tana goye, da na yaye ta sai Dada, mahaifiyarsa, ta ɗauke ta, ni kuma na tafi Kano koyon aikin jinya. A gidansu da gidanmu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Ba ka faɗin sunansa, ba ka kallonsa a gaban mutane, balle ka ɗauke shi. Ita ma haka aka koya mata. In na je gaishe da Dada da salla, tana jin muryata sai ta shige bayan rumbu, ƙafafunta kawai nake gani. Rabon da hannuna ya taɓa jikinta tun ranar yaye. Ko a littafin nan hannuna ya ƙi rubuta sunan. Yarinyar Dada, shi ke nan.

Alhamis, 5 ga Mayu, bayan la'asar

Tana can ƙarshen layi, sai turo wasu gaba take yi, har dai layi ya ƙare. Ta shigo bayan zana kanta a ƙasa. Ta yi tsawo. Kunnuwan babanta ne sak.

Na ce, "Hannu." Ta miƙo. Na duba farce ban riƙe ba. Na ce, "Baki." Ta buɗe. Sauran yara nakan danna musu ciki in ji saifa, ita kuwa na tsallake. Na ce ta juya ta sauke riga.

A ƙasan allon kafaɗa ta hagu. Fari-fari, bai kai tafin hannun jariri ba.

Na ce ta rufe ido, in ta ji an taɓa ta ce ta ji. Na murɗa auduga na taɓa. Shiru. Na sake. Shiru. Na zagaya bakin tabon, na dawo tsakiya, na sake, na sake, ban san iyaka ba, sai da malamar ajinsu ta leƙo ta ce ko lafiya. Na ce lafiya, ta mai da riga.

Ba ta ce komai ba.

A mota Malam Hambali ya ce, "Yau kin samo mana wani abu?" Na ce ƙwarƙwata.

Juma'a, 6 ga Mayu, da hantsi

Ban rubuta wa Sista rahoton tabon ba. Wanzami ba ya son jarfa, gaskiyar Hausawa.

Asabar, 7 ga Mayu, da yamma

Ina wanke farar rigata abin ya faɗo mini. Kai, Hapsatu, tir da ke! Ai ba a fara gwaji a kan tabo. Lafiyayyar fata ake fara taɓawa, dantse ko wuya, a tabbatar yaro ya gane wasan yana amsawa, sannan a je wurin. Yaran mutane haka na yi musu duka. Ita kuwa na zarce kan tabon, don in taɓa ta kaɗan in gama.

To yanzu shirun nan na mene ne? Ba ta ji ba ne, ko kuwa ni ce ba a amsa wa? Yarinyar da ba ta taɓa ce mini ko sannu ba, ta yaya za ta buɗe baki ta ce mini "na ji"?

Na ji sanyi a raina kamar na minti biyar. Daga nan tsoron ya dawo ya zauna inda yake.

Lahadi, 8 ga Mayu, da rana

Batirin rediyo ya mutu. 'Ya'yan maƙwabta suna ta wasa a bakin famfo, uwarsu na ƙwala musu kira ɗaya-ɗaya da suna. Na rufe taga duk da zafin.

Talata, 10 ga Mayu, bayan la'asar

Wa zan gaya wa? In na gaya wa Malam Hambali, gara in hau kan Landiroba da lasifika. In na gaya wa Sista, za ta aika wa hedimasta, hedimasta ya ce ta zauna a gida tukuna, kuma a ƙauye "tukuna" ba ya ƙarewa. Ko daga baya an ce ba shi ba ne, sunan ya riga ya manne. Na san yarinyar da aka yi wa haka a wani gari, har yau ba a cin abinci kwano ɗaya da ita, kuma ƙyasbi ne.

In kuma na yi shiru, ya zamana shi ne fa?

Na wuce ta gindin tsamiyar Gwaram sau da yawa ranar rabon ƙwaya. Na san hannayen da ake miƙowa. Yau duk yarinyar da ta miƙo mini hannu, yatsun nake ƙirgawa kamar mahaukaciya.

Alhamis, 12 ga Mayu, da magariba

Na ƙirƙiro dalili. Na ce akwai man ƙyasbi da za a kai wa 'yan matan Maruta, Ɗanbala ya ajiye ni a kan hanyarsu ta zuwa Gwaram. Na kira mutum huɗu don kada a ce ita kaɗai, na sallami ukun, na bar ta a ƙarshe.

Wannan karon na bi ƙa'ida. Dantse. Shiru. Wuya. Shiru. Bayan kunne, inda ko gawa sai ta motsa. Na ga tsikar jikinta ta tashi, wallahi na gani, amma bakin nan gam. Na koma kan tabon. Shiru, kuma a nan ban ga tsika ba, ko kuwa idona ne ya cika ban gani ba, oho.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ke kurma ce? Ana yi miki magana kin tsaya kamar turmi!"

Kafaɗunta suka ɗan girgiza. Ba ta ce komai ba.

Shekara da shekaru ina tara maganar da zan fara yi mata in Allah ya kawo ranar. Ashe wannan ce. Ke kurma ce.

Akwai allura a jakata. Da na ɗan tsikara ta da na sani. Na ɗauko, na mayar.

Juma'a, 13 ga Mayu

Ban ci komai ba. Ba azumi nake ba.

Litinin, 16 ga Mayu, da yamma

Makarantun cikin gari. Aiki lafiya. Wata 'yar aji ɗaya ta kama mini yatsa ta ƙi saki, wai hannuna sanyi. Na bar ta ta riƙe har layi ya fara gunaguni.

An yi hadari ya watse.

Laraba, 18 ga Mayu, bayan la'asar

Inna lillahi. Abin da nake gudu da ƙafata na kai shi.

Malam Hambali ne ya kawo labarin, yana ci yana faɗi, bai san wa yake gaya wa ba. Wai a Maruta ana cewa ma'aikaciya ta tsare wata yarinya a bayan zana har sau biyu, ana ta shafa mata auduga a baya. Yara ba su da sirri, ukun da na sallama suka leƙa ta hudar zana. Yanzu wai ba a shan ruwa da moɗar da ta sha, kuma a benci an bar mata gefe guda ita kaɗai. Ya ce, "Ke Hapsatu, wace ce? Ai ya kamata ki faɗa." Na ce ƙyasbi ne, mutane ne da ƙananan maganganu.

Ita kaɗai a gefen benci. Na san zaman nan sarai.

Alhamis, 19 ga Mayu, da safe

Wanke tukunya ɗaya, kwano ɗaya, cokali ɗaya.

Asabar, 21 ga Mayu, da magariba

Saƙo ya zo ta bakin wata mai tallan nono: Dada ta cire ta daga makaranta. Ba ta ce in zo ba. Na shiga motar kasuwa na je.

Na durƙusa a ƙofar ɗakinta na gaishe ta. Ta amsa a daƙile, tana tsinke zogale ba ta ɗago ba. Na gaishe ta da gida, da zafi, da shanu, da jiran damina, har gaisuwa ta ƙare mini. Sai ita ce ta fara.

"Hapsatu, ba ni ita kika yi, ko aro?"

Na ce, "Taki ce, Dada."

"To in tawa ce, me na yi miki da za ki ɓata ta a bainar jama'a? Kin ga abu a jikinta, ba ki da ƙafar zuwa nan? Sai ki kai ta bayan zana yaran gari na leƙe? Wannan ne ilimin da kika koyo a Kano?"

Na so in ce kunyarki ce ta hana ni. Na so in ce ku kuka ɗaure mini baki kuka ɗaure mata, yanzu kuma kuna tambaya me ya sa ba a yi magana ba. Haushi ya cika ni har wuya. Amma abin da ya fito shi ne, "Na yi kuskure, Dada."

Ta ce tabon ta daɗe da ganinsa, tana shafa mata toka da man shanu. Ta ce a zuri'arsu ba a taɓa yin wannan ciwo ba. Da ta faɗi haka zogale na ta zubewa a ƙasa ba ta ma lura ba. Sai na gane ita ma ba ta barci. Ashe mu biyu ne, kowa a ɗakinsa.

Na ce a bar Malam Barau ya duba. Ta ce ƙafar jikarta ba za ta taka gindin tsamiyar nan ba tana raye. Na ce to shi ya zo. Ta ci gaba da tsinke zogale har na ɗauka an gama. Can ta ce, "Ya shigo ta ƙofar garke, kamar mai sayen ɗan maraƙi."

Da zan fita na ga ƙafafu a bayan rumbu. Dugadugan sun yi faso, ba mai shafa musu mai.

Lahadi, 22 ga Mayu, da rana

Na sayo batir. Na kunna rediyo, na kashe.

Litinin, 23 ga Mayu, bayan azahar

Na sami Malam Barau a ɗan ɗakin maganinsa a Gwaram. Tsoho ne, shi ma ya taɓa yin ciwon yana saurayi, yatsunsa biyu na hagu guntaye ne, da su yake ƙirga wa mutane ƙwaya yana yi musu barkwanci. Na yi ta kewaye-kewaye: wata yarinya, jikar wata tsohuwa, a wani gida. Ya saurare ni tsaf, ya ce, "'Yar nan, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Jikar Dada ko? Allah ya jiƙan Iliyasu." Sai hawaye. A gaban mutum, da farar riga a jikina. Ya juya baya yana gyara kwalabe har na gama.

Ya ce Alhamis yana rabon ƙwaya, sai Juma'a da hantsi.

Talata, 24 ga Mayu

Juma'a.

Laraba, 25 ga Mayu, da yamma

In shi ne, zan nemi a mai da ni Gwaram. Zan riƙa kai mata ƙwayar da kaina, kowa ya ce ba ni da kunya. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Sai na kama kaina ina tsara ɗakin da zan kama a can, da inda zan shimfiɗa mata tabarma. Astagfirullah. Wace irin uwa ce za ta ji daɗin wannan tunani? Allah ka sani ba na so. Ba na so. Amma na tsara ɗakin.

Alhamis, 26 ga Mayu, da magariba

Ruwan farko ya sauka. Kowa ya fito yana murna, gobe shuka. Na tara ruwa a bokiti ban san me zan yi da shi ba.

Juma'a, 27 ga Mayu, bayan la'asar

Bari in rubuta a jere kafin hannuna ya ƙi.

Maza duk sun tafi shuka, gida shiru. Malam Barau ya shigo ta garke da sandarsa, har da taya ɗan maraƙin don masu kunne. Aka shimfiɗa tabarma a rumfa, Dada ta zauna a gefe. Ni na tsaya a bayan danga, inda ya kamata in tsaya. Ba na ganinsu sai ta huda.

Da yarinyar ta zo, Malam Barau ya ce, "A'a, wannan ce matar tawa da aka ɓoye mini? Dada, ba ki kyauta ba." Na ji dariya. Ban taɓa jin dariyarta ba. Ashe haka take, da ɗan shaƙewa a ƙarshe irin ta ƙanwata.

Ya ce ta rufe ido, kada ta yi masa satar kallo. Ya taɓa dantse. "Na ji." Wuya. "Na ji." Gadon baya. "Na ji, Baba, cakulkuli!" Sai ya je kan tabon. Na riƙe danga har ƙaya ta shige mini tafi.

"Na ji."

Ya sake, a tsakiya. "Nan," ta kai hannu ta nuna daidai. Ya ɗaga audugar bai taɓa ba, don ya gwada ta. Ta ce, "Ai ba ka taɓa ba." Ya kankare wurin da farce, ya ga gari-gari ya tashi, ya latsa gwiwar hannunta da bayan kunne. Ya ce, "Dada, ƙyasbi ne, irin na kowa. A daina toka. Ranar Litinin da kaina zan kai ta aji, in sha ruwa da moɗarta a gaban hedimasta."

Dada ta ce alhamdu lillahi ban san sau nawa ba, muryarta na karyewa. Ni kuwa na durƙusa a cikin laka.

Sai na ji ya rage murya, ya ce, "To matata, ga baki kamar aku, me ya hana ki amsa wa ma'aikaciya? Kin sa mutane ba su ci ba su sha ba. Kunya ce?"

Shiru. Na san shirun nan, na ce to shi ke nan.

Can ta ce, ƙasa-ƙasa, "In na ce na ji, ai dainawa za ta yi."

Malam Barau ya yi gyaran murya ya ce bari ya je ya ƙara duba maraƙin.

Duk ta ji. Na farko da na biyu, dantse da wuya da bayan kunne, da maganar da na gaya mata. Duk ta ji.

Ban shiga na yi wa Dada sallama ba. Na fita ta garke, na taka har bakin titi, zanina duk laka.

Asabar, 28 ga Mayu, da safe

Ya kamata in yi murna. Ina yi. Wallahi ina yi. To me ya sa ƙirjina ya fi na jiya nauyi?

Laraba, 1 ga Yuni, da azahar

Ta koma aji, in ji Malam Hambali. Wai wani tsoho ya shanye ruwan randar makaranta da moɗa ɗaya, yara na ta dariya. Ya ce, "Ashe gaskiyarki, ƙyasbi ne."

Zagaye ya ƙare. Sai baɗi in da rai. Sista ta ce a mai da ragowar auduga sito. Na mayar, ban da ɗan guntun da ke aljihuna.

Alhamis, 2 ga Yuni, da yamma

Mai nono ta zo. Wai Dada ta ce in na sami sarari in je, akwai aiki.

Lahadi, 5 ga Yuni, bayan la'asar

Na je. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa da sakin fuska, amma ba ta tayar da maganar ranar Juma'a ba, ni ma haka. Ta ba ni fura na sha. Sai ta dubi sama kamar mai magana da rufin ɗaki, ta ce, "Kan yarinyar nan ya tsufa, duk ya cukurkuɗe. Ni idona ya daina ganin tsaga. Ku ma'aikata ku ke faɗan ƙwarƙwata, sai ki duba." Ta ajiye matsefi da man shanu a kan tabarma, ta yafa mayafi, wai za ta je barkar haihuwa a wata unguwa, kuma za ta daɗe.

Na zauna ni kaɗai a rumfa. Ban kira ba, da me zan kira? Can ƙafafun suka fito daga bayan rumbu. Ta zo ta zauna a gabana ta ba ni baya, ta cire ɗankwali da kanta.

Babu ƙwarƙwata ko ɗaya. Na tsefe a hankali, na shafa mai, na tsaga. Kanta ya kwanta a gwiwata, da ɗumi, yana ƙanshin hayaƙi. Hannuna ya manta kitso, na kama jelar farko na ja da ƙarfi.

Ta ce, "Wash! Na ji."

Ta yi tsit, ta ƙame, tana jira.

Ban daina ba.